Yadda Ake Haɗa Bahon Wasan Taɓe-taɓe Domin Ƙananan Yara

Duk gidan da yake da yaro ɗan shekara biyu ko uku ya san yadda ake fama da shi a kan ƙwaryar hatsi da bokitin ruwa. Da zarar an ajiye gero za a surfa, sai ya tsoma hannu ya damtso, ya saki, ya sake damtsowa, kuma idan aka kore shi sai ya koma gindin randa ko ƙofar gida ya kama tuwon ƙasa. Manya kan ɗauki wannan a matsayin ɓarna, alhali kuwa yaron yana yin aikin da shekarunsa suka ɗora masa ne, wato sanin abubuwa ta hanyar fata da ido da kunne da hanci tun kafin bakinsa ya iya faɗin sunayensu. Bahon wasan taɓe-taɓe dabara ce ta ba wannan buƙata wurinta: a sami mazubi mai faɗi, a zuba masa abin da ake iya ɗiba da zubarwa irin su yashi ko ruwa ko hatsi, a sa 'yan kayan awo a ciki, sannan a bar yaro ya yi ta gwaji a gaban idon babba.

Makarantun renon yara a Turai da Amurka sun daɗe da mayar da wannan wasa wani ɓangare na karatu. Maria Montessori, likita 'yar ƙasar Italiya, ta buɗe gidan yaranta na farko a unguwar San Lorenzo da ke birnin Rum a shekarar 1907, kuma cikin ayyukan da tsarinta ya shahara da su akwai juye ruwa daga wannan mazubi zuwa wancan, da ɗibar hatsi da cokali, da shafa haruffan da aka yanka daga takarda mai kaushi kafin yaro ya riƙe abin rubutu. Masanin tunanin yara Jean Piaget na ƙasar Suwizalan ya bayyana cewa daga haihuwa zuwa kimanin shekara biyu, kusan dukkan abin da yaro yake koya yana shiga ne ta gaɓoɓin ji da motsin jikinsa. Amfanin a bayyane yake: yatsun da suke tsintar ƙwaya ɗaya cikin yashi su ne za su riƙe fensir ko alƙalamin allo gobe, kuma yaron da ya cika kofi ya zubar sau ba adadi ya riga ya san ma'anar "cike" da "rabi" da "babu komai" kafin malami ya rubuta su. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban waya ko talabijin, kuma daga shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana. Uwar da ta karɓe waya daga hannun yaro tana buƙatar abin da za ta miƙa masa a madadinta.

Hotunan da ake gani a intanet na shinkafa mai launi bakwai da kayan roba masu tsada kan sa mutum ya zaci wannan harka ta masu kuɗi ce. A ganina abu uku ne kawai suke sa bahon ya yi amfani: a zaɓi abin zubawa daidai da shekarun yaro, a kafa wa wasan iyaka, sannan babban da ke zaune kusa ya san lokacin magana da lokacin kame hannu.

Mataki na farko: a fara da shekarun yaron

Kafin a taɓa baho, a tambayi kai tambaya ɗaya: shin wannan yaro har yanzu yana kai abu baki? Yawancin yara ba sa daina hakan sai sun kusanci shekara uku, wasu ma har su ɗan wuce. Idan amsar e ce, to duk abin da za a sa a bahon dole ya cika ɗaya daga cikin sharuɗɗa biyu, ko dai ya fi ƙarfin shiga maƙogwaro, ko kuma ya zama abin da idan an haɗiye shi ba zai cutar ba. A Amurka, hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi tana gwada kayan wasan yara 'yan ƙasa da shekara uku da wani ɗan bututu mai faɗin santimita 3.17, kuma duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ana ɗaukarsa mai iya shaƙe yaro. A gida ana iya amfani da kwalin da ke tsakiyar naɗin tishu, wanda ya ɗan fi wancan bututun faɗi: abin da ya wuce ta cikinsa, a cire shi.

Wannan gwaji ya fitar da wake da gyaɗa da masara da gujiya da tsakuwa da maɓallin riga da ƙwallon dabino daga bahon ƙaramin yaro. Gyaɗa ta fi kowanne haɗari, domin tana cikin abubuwan da likitoci suka fi cirowa daga hanyar numfashin yara, ga shi kuma wasu yaran jikinsu ba ya karɓarta ko kaɗan. Wake kuwa yana shiga hanci ko kunne, kuma da ya sami danshi sai ya kumbura ya ƙi fita.

Akwai abubuwan da ba a sa su a bahon kowane yaro, komai shekarunsa. Na farko su ne ƙananan duwatsun roba masu sheƙi da ake jiƙawa su kumbura, waɗanda ake ƙawata gilashin furanni da su. Idan yaro ya haɗiyi ƙwaya ɗaya, tana ci gaba da shan ruwa a cikinsa har ta toshe hanji, kuma sau da yawa hoton asibiti ba ya nuna ta. Saboda haka ne manyan kantuna a Amurka suka daina sayar da su a matsayin kayan wasan yara a ƙarshen 2023. Na biyu su ne ƙananan batura masu kama da kwabo da ƙananan maganaɗisu. Na uku, wanda ya fi shafar gidajenmu, su ne 'ya'yan itatuwa masu kyan gani amma masu dafi: idon zakara mai ja da baƙi, da 'ya'yan zurma, da na bini-da-zugu. Haka nan tumfafiya, duk da laushin audugarta yana jan hankalin yara, ruwan nononta yana yi wa ido illa.

Mataki na biyu: mazubi da wurin zama

Bahon wanki na roba, ko babbar tasa, ko katuwar ƙwarya, duk suna yi, muddin bakinsu yana da faɗi kuma zurfinsu bai wuce yaro ya kai ƙasa da hannu yana zaune ba. A duba kada ya zama yana da tsagewa mai yanka, kuma kada a yi amfani da mazubin da aka taɓa zuba maganin feshi ko fetur a cikinsa ko da an wanke shi. A shimfiɗa tabarma ko buhun da aka farke ko tsohon zane a inuwa, a ɗora bahon a tsakiya. Shimfiɗar tana da aiki biyu, tana tare abin da ya zube, kuma tana nuna wa yaro iyakar da wasan zai tsaya. Idan yara sun haura biyu, a ƙara baho, domin cunkoso ne yake kawo watsa wa juna yashi a ido.

Mataki na uku: abin da za a zuba

Yashi shi ne ya fi araha kuma ya fi daɗewa, amma ba kowace ƙasa ake ɗebo wa yaro ba. A nemi yashin rafi ko na gini mai laushi, a tankaɗe shi da rariya don fitar da fasassun kwalabe da ƙusa da kashin dabbobi, a wanke shi da ruwa har sai ruwan ya daina fitowa da laka, sannan a baza shi a rana ya bushe ƙarau. Wanda yake son ƙarin natsuwa yana iya zuba shi a tsohon kasko ya gasa a wuta, ya bar shi ya huce sarai. Inda aka ɗebo yashin yana da muhimmanci ƙwarai. A 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara sakamakon gubar dalma, bayan da ƙurar duwatsun zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje ta gauraye da ƙasar da suke wasa a kai. Dalma ba ta da wari kuma ba a ganinta, wanki da shanya ma ba sa raba ƙasa da ita. Don haka a guji ƙasar wurin haƙar ma'adinai, da ta garejin masu gyaran batir, da ta bola, da ta bakin kwata.

Hatsi yana ba da irin taɓin da yashi ba ya bayarwa. Gero yana zuba sulɓi da wata 'yar ƙara mai daɗin ji, dawa ta fi shi nauyi, shinkafa kuma tana da tsini kaɗan. Waɗannan sun dace da yaron da ya haura shekara uku. Sai dai a tabbata hatsin na ci ne, domin irin shuka sau da yawa an shafe shi da magani, wanda akan gane shi da launin ja ko shuɗi a jikinsa, kuma hatsin da aka ajiye da maganin ƙwari a buhu ba abin da yaro zai yi ta cuɗawa da hannu ba ne. A kuma sheƙe shi da kyau, saboda ƙaiƙayin gero yana sa yaro susa har ya tsani wasan.

A nan akwai maganar da bai kamata a tsallake ba. Mutane da yawa ba za su ji daɗin ganin an zuba wa yaro shinkafa yana wasa da ita ba, a lokacin da mudunta ya gagari maƙwabci, kuma tarbiyyarmu ta hana wulaƙanta abinci. Ina tare da su a kan wannan. Shawarata ita ce a fara da abin da ba a ci: yashi, ruwa, yumɓu, dusa, totuwar masara, ɓawon kuka, gutsattsarin yadi daga shagon tela, busasshen ganye, ɓargon kara. Idan za a yi amfani da hatsi, a ware mudu ɗaya, a riƙa tattara shi bayan kowane wasa, ya yi watanni yana aiki, a ƙarshe kuma a ba kaji. Shi kansa tattarawar darasi ne ga yaro cewa ƙwayar hatsi ba abin takawa ba ce. Wanda yake son rina shinkafa sai ya zuba kofi ɗaya a leda, ya sa ƙaramin cokali ɗaya na binega da ɗigon kalar abinci, ya girgiza, ya baza a faifai ta bushe. Ruwan zoɓo yana ba da ja, kurkum kuma rawaya, ko da yake kurkum yana kama tufafi.

Ga yaron da ke tsakanin shekara ɗaya da uku, ruwa ya fi komai. A zuba kaɗan, kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, a sa soso da kofuna da ludayi. Amma a riƙe wannan da kyau: ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai wuce 'yan santimita kaɗan ba, cikin ɗan lokaci kuma ba tare da ihu ba, saboda kansa yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da girman jikinsa kuma idan ya kifa ba ya iya ɗagowa. Wanda zai tashi amsa sallama ko duba tukunya, ya ɗauki yaron ya tafi da shi. Wani abin da ya dace da wannan shekaru shi ne kwaɓin sitaci: a haɗa awo biyu na garin sitacin masara da awo ɗaya na ruwa, sai ya zama wani abu da idan an matse shi ya yi tauri, idan an buɗe hannu kuma ya narke ya zuba. Duk macen da ta taɓa dama gasarar koko ta san wannan hali nasa. Ɗanyen garin fulawa kuwa yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta, don haka ba a ba yaro mai kai hannu baki sai an soya shi a busasshen kasko.

Mataki na huɗu: kayan aiki

Kicin ya isa. Ludayi, cokali, ƙaramin ƙoƙo, kofuna biyu masu girma daban, rariya, mazurari, da gwangwanin da aka daddale bakinsa. Idan babu mazurari, a yanke saman gorar ruwa a goge bakin. Kada a zuba su duka lokaci ɗaya. Uku ko huɗu sun isa, domin yawan kaya yana raba hankalin yaro, ya riƙa ɗauka yana yarwa ba tare da ya zauna a kan ko ɗaya ba.

Mataki na biyar: zaman farko

A zaɓi lokacin da yaro ya ci ya ƙoshi kuma ba ya jin barci, kamar da hantsi ko bayan la'asar. A wanke masa hannu, a zauna kusa da shi, a faɗa masa dokoki uku a taƙaice: ba a kai wa baki, ba a watsawa, kuma komai yana zama a kan tabarma. Sannan a nuna masa sau ɗaya, a hankali, yadda ake ɗiba da ludayi a zuba a ƙoƙo, a miƙa masa. Tabbas zai gwada dokar. Idan ya watsa, a tuna masa sau ɗaya cikin ruwan sanyi. Idan ya sake, a rufe bahon a ce masa sai gobe, ba tare da duka ko tsawa ba. Bayan an yi haka 'yan lokuta, yakan gane cewa ci gaban wasan yana hannunsa. A lura kuma da bambanci tsakanin watsawa da gangan da zubewar da ke faruwa saboda hannu bai ƙware ba, domin ta biyun ita ce koyon kanta.

Abin da ya fi wuya ga babba shi ne kame hannu. Za a ga yaro yana ƙoƙarin cusa totuwa cikin gorar da bakinta ya yi mata kaɗan, zuciya ta ce a karɓa a nuna masa. A ƙyale shi, domin gano cewa ba za ta shiga ba shi ne abin da ya zo koya. Aikin babba shi ne ya sa wa abin da yaron yake yi suna a daidai lokacin da yake yinsa: "Ka cika shi fal." "Wannan da nauyi, wancan kuma sakayau." "Ji yadda yashin nan ya yi sanyi da ka zuba masa ruwa." Hausa tana da arzikin irin waɗannan kalmomi, laushi da kaushi, santsi da danƙo, jiƙaƙƙe da busasshe, kauri da tsinkewa, kuma yaro yana kama su da sauri idan ya ji su hannunsa na kan abin. A yi masa magana da harshen da ake yi a gida. Tambaya ma tana da amfani idan ba ta zama jarrabawa ba; "Me kake gani zai faru idan muka ƙara ruwa?" ta fi "Wannan wane launi ne?" buɗe tunani.

Game da tsawon lokaci, ɗan shekara biyu yana iya gajiya cikin 'yan mintuna, ɗan shekara huɗu kuwa ya shafe rabin awa ko fiye. Idan ya tashi, wasa ya ƙare.

Mataki na shida: a ƙara masa aiki yayin da yake girma

Daga shekara uku zuwa biyar ana iya shigar da ƙidaya da haruffa ba tare da an mayar da bahon aji ba. A binne murafun kwalba biyar a cikin yashi a ce ya tono su yana ƙirgawa. A gauraya dawa da masara a ba shi ƙoƙo biyu ya rarrabe, aikin da yake ƙarfafa babban yatsa da manuni. A baza yashi siriri a faranti, a zana baƙi ɗaya da yatsa, na boko ko na Larabci, ya kwaikwaya, idan ya ɓata a girgiza farantin ya sake. A kafa masa kasuwa da ƙaramin gwangwani a matsayin mudu, a ce "Auno mini mudu uku," a biya shi da ganye. A bahon ruwa kuma a tara masa kara da cokali da murfi da dutse babba, ya faɗi wanda zai nutse kafin ya jefa.

Akwai wani gwaji da Piaget ya shahara da shi wanda zai hana iyaye yin fushi a banza. Idan aka juye ruwa daga gajeren kofi mai faɗi zuwa dogo siriri a gaban yaro ɗan shekara huɗu, zai ce na dogon ya fi yawa, ko da ya ga ba a ƙara komai ba. Yawancin yara sai wajen shekara bakwai suke gane cewa yawan bai canza ba. Gardama ba ta kawo wannan fahimta da wuri, juye-juyen da yake yi da hannunsa ne yake gina ta a hankali.

Wasu yara kuma ba sa son taɓa abu mai danshi ko danƙo, har su yi kuka idan ya manne musu. Kada a kama hannunsu a tsoma da ƙarfi. A fara da busasshen abu, a ba su cokali mai dogon hannu, a ajiye ruwa da tsumma kusa don su san suna iya gogewa duk lokacin da suka so. Ana yawan ganin wannan ga yara masu galahanga, wato autism, kuma wasu daga cikinsu bahon yana kwantar musu da hankali sosai, amma bahon ba magani ba ne. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana a 2012 cewa hujjojin da ke nuna tasirin jinya ta hanyar motsa gaɓoɓin ji ba su da yawa. Yaron da ya kai shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, a kai shi wurin likita.

Mataki na bakwai: tattarawa da ajiya

A sa yaro cikin kwashewa, ya naɗe gefen shimfiɗar, ya mayar da abin da ya zube, ya jera kayan, sannan a wanke hannu da sabulu. Ruwa da kwaɓin sitaci ba a kwana da su. Ruwan a zubar nan take a kife bahon saboda sauro da kuma ƙannen da ke rarrafe, sitacin kuma a bar shi ya bushe a zubar a shara, domin yana toshe magudanar ruwa. Yashi a rufe shi ruf, saboda kyanwa tana mayar da buɗaɗɗen yashi wurin ba-haya, kunama ma tana son fakewa a cikinsa, don haka a motsa shi da sanda kafin kowane wasa. Hatsi a ajiye shi a roba mai murfi, a riƙa shanya shi musamman da damina, kuma da an ga fumfuna ko ƙwari a canza. Da hunturu, ko ga yaro mai asma, a yayyafa wa yashi ruwa kaɗan don ƙurar ta kwanta.

Duk wanda zai zauna da yara a bakin baho ya kamata ya san abin yi idan wani abu ya faru. Idan yashi ya shiga ido, a hana yaro murzawa, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa. Idan ƙwaya ta shiga hanci ko kunne, kada a tono da tsinke ko ashana, kada kuma a zuba ruwa, a tafi asibiti. Idan yaro ya shaƙe amma yana tari da ƙarfi, a bar shi ya ci gaba da tarin. Idan kuwa ya kasa tari da kuka da numfashi, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu har sau biyar. In abin bai fito ba, ga wanda ya haura shekara ɗaya sai a tsaya ta bayansa a matsa saman cibiyarsa ciki da sama har sau biyar, ga jariri kuma a danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu maimakon ciki, ana maimaitawa yayin da wani yake neman abin hawa zuwa asibiti. Ba a zura yatsa cikin bakin yaro don lalubo abin da ba a gani, domin hakan yana ƙara tura shi ciki. Wanda kuma ake zaton ya haɗiyi batir ko maganaɗisu ko 'ya'yan itace masu dafi, a kai shi asibiti nan take ko da yana wasa lafiya lau, kuma a tafi da samfurin abin da ya haɗiya don likita ya gani.